Me kuka ga iyayenku sun bari saboda Ubangiji?

Mai Ɗinki, Aboabo:
Salama gare ku 'yan'uwa. A zumuntar mata mun karanta Romawa 12:1, inda Bulus ya ce mu miƙa jikinmu hadaya mai rai, sai magana ta tashi a kan yara: suna jin wannan a majami'a, amma a gida me suke gani? Shi ne na ce bari in tambaya. Ku da kuka tashi a gidan masu bi a zangon Kumasi, me kuka ga uwa ko uba sun bari da idonku? Ku faɗa har da wanda bai yi muku daɗi ba.

'Yar Bolga:
Mamata koko da ƙosai take sayarwa a bakin tasha. Duk wanda ya san sana'ar ya san safiyar Lahadi ba ranar wasa ba ce, mutane na gida, kowa na aiko yaro da kwano. Ita kuwa tun daren Asabar take wanke kaskon, ta kife shi a kan murhu. Da safe a yi ta ƙwanƙwasa ƙofa, "Maman yara, yau babu?" Ta ce yau ta Ubangiji ce, ku zo gobe. Ni haushi nake ji, don na san ranar Litinin kuɗin makarantata zai ragu. Ba ta taɓa yi mana wa'azi a kai ba. Kuma in azumin Musulmi ya zo, kafin ta sayar wa kowa da yamma sai ta cika kwano ta ba ni in kai wa Hajiyar da ke ɗakin kusa da namu, wadda ba ta da ɗa a gari. Ranar jana'izar Mama, rabin masu zaman makoki da mayafi suka zo.

Direban Trotro, Asawase:
Allah ya ji ƙan Mama. Namu tsohon gadi yake yi a wani shago a Adum. Bakusashe ne, wato ɗan ƙabilar Kusasi, daga wajen Garu a arewacin Ghana, amma da Littafi Mai Tsarki na Hausa ya koyi karatu, tsohuwar fassarar nan ta 1932, bangon duk ya tafi, da robar taya yake ɗaure shi. Ɗakinmu ɗaya. Duk wanda ya sauka daga mota daga arewa bai san kowa ba, sai a ce masa je ka wurin Baba mai gadi. Mu yara mu koma baranda da tabarma, baƙo ya kwana a ciki, wani har ya yi wata. Wata rana wasu ma'aikatan shagon suka ce ya kau da kai su fitar da kaya da dare, rabonsa na nan. Ya ƙi, ya kuma faɗa wa mai shagon. Shi aka kora, ba su ba. Mun sha gari da ruwa har muka gaji. Yau in fasinja ya manta waya a motata, ko na so in riƙe hannuna ba ya yarda.

Malama, Sawaba:
Ni dai tawa ba mai daɗin ji ba ce. Babana ba ya wasa da zakka, kuma ranar godiyar kaka shi ne na farko da zai miƙe ya yi alkawarin kuɗi a gaban jama'a, a yi ta tafi. A satin nan za a koro ni daga sakandare saboda kuɗin makaranta, lokacin ba a fara karatun kyauta na 2017 ba. Mama ce ta sayar da zannuwanta ta biya, babu wanda ya tafa mata. To wa ya yi hadayar? Ana cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma yayana tun da ya bar gida bai sake taka majami'a ba. Ku duba 1 Timoti 5:8 a kan wanda ba ya kula da iyalinsa, ku duba yadda Yesu ya tsawata wa Farisiyawa a Markus 7 don suna kiran dukiya ta Allah su hana iyayensu.

Dattijo, Asafo:
'Yata, kin faɗi gaskiya, kuma mu dattawan ikkilisiya muna da hannu a ciki. Mu ne muke riƙe makirufo muna kiran adadi. Ki gaishe mini da yayanki, kada ki matsa masa.

Baban Biyu, Tafo:
Malama, naki ya taɓa ni. Tawa damuwar dabam ce. Kakata a bakin zane take ƙulle kuɗin baiko tun ranar Juma'a, ko za a kwana da yunwa ba a kwance ƙullin nan, muna gani. Ni yanzu da MoMo, wato kuɗin waya, nake turawa, yarana ba su san na ba da ko sidi ɗaya ba, sai dai su gan ni ina latsa waya a cikin sujada. Na fara zama da su ƙarshen wata, in nuna musu albashi, kuɗin haya, kuɗin makarantarsu, sannan abin da za mu bayar da wanda za mu ba. Babbar ta ce me ya sa ba za mu rage na bayarwa mu sayi firji ba. Har yanzu muna kan maganar.

Mai Ɗinki, Aboabo:
Baban Biyu, ka dawo ka gaya mana yadda kuka ƙare. Direba, wata yarinya mai dakon kaya a kasuwar Kejetia tana kwana a gaban shagona da jaririnta. Ina so in shigo da ita gida, amma 'ya'yana mata biyu ne za su matsa mata a ɗakinsu. Da Baba ya tambaye ku kafin ya tura ku baranda, me za ka ce masa?