Banki ya ƙi buɗe wa ƙungiyarmu asusu saboda ɗaya daga cikin amintattu ya rasu

Assalamu alaikum. Ni ke shugabantar wata ƙaramar ƙungiyar jinƙai a Katsina, muna tallafa wa mata da marayun da rashin tsaro ya koro daga ƙauyukan Batsari da Jibiya. Muna da rajistar CAC (hukumar yi wa kamfanoni da ƙungiyoyi rajista) mai ɗauke da sunayen amintattu, wato waɗanda ke riƙe da amanar ƙungiyar a hukumance, da lambar haraji, har takardar SCUML (sashen yaƙi da halatta kuɗin haram) mun samu.

Wata gidauniya ta amince za ta ba mu tallafin abinci, amma ta ce sai ta asusun ƙungiya, ba ta tura kuɗi asusun mutum. Ban ga laifinta ba.

A banki ne abin ya cije. Jami'in ya ajiye takardar rajistarmu, ya bi sunayen da biro, ya ce sai kowane amintacce ya kawo BVN da NIN. To Alhajin da ya kafa ƙungiyar ya rasu bara, Allah ya jiƙansa, sunansa kuma yana nan a takardar. Na kai shaidar rasuwa da bayanin taron da muka zaɓi madadinsa, aka ce bai wadatar ba. Na gwada wani bankin, zancen ɗaya ne.

Lauyanmu ya ce canza amintacce sai an buga sanarwa a jarida an jira kwana 28, kafin ma a duba takardun. Wa'adin gidauniyar kuwa ƙarshen wata ne.

Don Allah, wanda ya taɓa shiga irin wannan: akwai takardar da banki ke karɓa ya buɗe asusu da sauran amintattun, kafin canjin ya kammala?