Farar furen da na gani a tudun Morgan Hill

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. A San Jose nake zaune, a jihar Kalifoniya ta Amurka. Ranar Asabar muka hau tudun da ke kusa da madatsar ruwa ta Anderson, gabas da garin Morgan Hill, sai na ci karo da wani itace mai tsayi kamar nawa, ya lulluɓe da ƙananan fararen furanni dunƙule-dunƙule, ga shi yanzu Fabrairu. Ganyensa ƙanana ne masu kauri, bibbiyu suke fitowa suna fuskantar juna. Wurin kuwa tsandauri ne, duwatsunsa kore-kore masu santsi, ko ciyawa da ƙyar take tsira. Maƙwabciyata ta ce lilak ɗin daji ne. Ya shiga raina ƙwarai, ina so in yanko reshe in dasa a gida. Me kuke gani?

Ɗalibin ilimin tsirrai: Wa alaikumus salam Yaya. Don Allah ki dakata da wuƙar. Dangin Ceanothus ne, sunan lilak, wani itacen fure na ado, kawai ya ara. Dutsen da kika kwatanta serpentine ne, ƙasarsa sinadarin magnesium ya yi mata yawa, na calcium ya yi kaɗan, shi ya sa yawancin tsirrai ba sa jure ta. A irin wannan ƙasa, a wannan yanki, akwai Ceanothus ferrisiae wanda babu shi ko'ina a duniya sai gundumar Santa Clara, inda Morgan Hill yake. Tun 1995 gwamnatin Amurka ta sa shi cikin tsirran da ke dab da ƙarewa. Sai dai yana da ɗan'uwa, Ceanothus cuneatus, mai farar fure shi ma, wanda ya cika Kalifoniya. Ki duba ganyen: na ferrisiae ya fi zagaye, sau da yawa da 'yan haƙora a gefe, na cuneatus yana tsukewa wajen gindi, gefensa galibi sumul.

Wata uwa daga Sacramento: 'Yata, ko na gama-garin ne bar shi inda yake. Na dasa Ceanothus, na yi ta ba shi ruwa da rani don tausayi, saiwar ta ruɓe. Nemi wanda aka raina a gidan sayar da shuke-shuke.

Ɗalibin ilimin tsirrai: Gaskiyar Mama. Irinsa ma yakan kwanta shekaru a ƙasa, sai gobarar daji ta wuce yake tsira da yawa. Ki ɗauki hoton ganyen gaba da baya, ki sa a iNaturalist, manhajar da ake tura hotunan tsirrai da dabbobi don a gano sunansu, masu ita sukan ɓoye ainihin wurin tsirran da ke cikin haɗari.

Mai tambaya: Na gode. Na duba hotona, haƙoran suna nan a gefen ganyen. Asabar zan koma da kyamara.