Na ga wanda ya daki motar Malama ya gudu, kuma na san shi: in faɗa ko in yi shiru?

Telan Gyaɗi-Gyaɗi

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema kafin gari ya waye, don abin ya tsaya mini a rai.

Ni tela ne, shagona yana wani layi a bayan Court Road, nan Kano. Akwai wata malama da ke koyarwa a makarantar ƙarshen layinmu. Kullum a gaban shagona take ajiye motarta saboda inuwar darbejiya, wata tsohuwar Corolla ruwan toka. Mu gaisa da safe, in an tashi ta zo ta ɗauki abarta. Yau da hantsi motar da ke kawo ruwan leda ta sauke wa mai tireda kaya, direban ya yi ribas zai juya, sai ƙarfen bayan motarsa ya daki ta Malama. Fitilar baya ta dama ta tarwatse, bamba ta saki ta gefe ɗaya, but ya loma ciki. Ya leƙo ta taga, ya ga abin da ya yi, muka haɗa ido, ya ja mota ya tafi.

Lokacin da aka tashi makaranta na shiga Kwari sayen yadi. Da na dawo yarona yake gaya mini Malama ta bi shago-shago tana tambaya, kowa ya ce bai gani ba, har mai tiredar da abin ya faru a kan idonsa. Ya ce ta daɗe a tsaye tana kallon motar kafin ta shiga. Gobe da safe ni za ta fara tambaya, don ta san kekena yana kallon titi.

Abin da ya ɗaure ni, na san yaron da ke tuƙa motar ruwan. Ni na ɗinka masa kayan angonci bara. Marayan uba ne, shi ke riƙe da mahaifiyarsa, matarsa kuma tana da tsohon ciki. Na sha jin direbobin gidan ruwan suna cewa maigidansu ko madubi ka fasa sai ya cire a albashinka, in abin ya yi girma ya karɓi makulli. Mai tireda ya same ni bayan la'asar ya ce, Malam ka rufa wa yaron nan asiri, ita ai mai albashi ce za ta gyara. Maganar ba ta kwanta mini ba. Na san abin da malaman makarantun kuɗi na unguwa ke ɗauka, wasu ko mafi ƙarancin albashin nan na dubu 70 ba ya kaiwa hannunsu. Kuma baiwar Allah nan ba ta yi komai ba, ta ajiye motarta ne inda ta saba, ta amince da mu.

To me ya kamata wanda ya gani ya yi? In ba ta sunansa da lambar motar? In kai maganar wurin hukuma? Ko in bi sahun maƙwabta?

Ɗan Fagge

Malam tela, ni dai shawarata ka tsame hannunka. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Na taɓa tsayawa shaida a irin wannan, wani ɗan sahu ya goge motar mutum a bakin masallaci ranar Juma'a. Na bi mai motar caji ofis da zuciya ɗaya. Na rubuta bayani, aka ce in dawo gobe, na dawo aka ce mai binciken ya fita, haka na riƙa rufe rumfata ina zarya. A ƙarshe su biyun suka sasanta a waje ba wanda ya ko kira ni, ni kuma 'yan'uwan ɗan sahun har yau ba sa amsa gaisuwata. Kai a layin nan kake neman abincinka. Malama za ta iya canza wurin ajiye mota gobe, kai ina za ka kai shagonka?

Abu Ammar

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa Ɗan Fagge, wahalar da ka sha gaskiya ce, amma ba ta sauke nauyin da ke kan wanda ya gani. Allah Ya ce a ƙarshen Suratul Baƙara, aya ta 283, kada ku ɓoye shaida, wanda ya ɓoye ta to zuciyarsa mai zunubi ce. A Suratun Nisa'i aya ta 135 an umarce mu mu tsaya da adalci ko da a kan kanmu ne ko iyaye ko dangi, kuma ayar ta ambaci mawadaci da matalauci, ta ce Allah ne Mafi cancanta da su duka biyun. Wato tausayin talaucin mutum ba ya zama dalilin danne shaida. Wannan ya amsa maganar mai tireda.

Rufa asiri da ake ta faɗa yana da muhallinsa. Hadisin wanda ya suturta Musulmi Allah zai suturta shi ingantacce ne, amma malamai sun fi kawo shi a kan laifin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa. Nan dukiyar wata aka lalata. A fiƙihu, ganganci da kuskure ɗaya suke a dukiyar mutane wajen biya. Wanda ya yi kuskure ba shi da zunubin ɓarnar, amma ramuwa tana kansa. In ka yi shiru ba asirinsa ka rufa ba, bashi ka bar masa a wuya wanda za a bi shi ranar da babu naira.

Sai dai akwai wani bayani na malamanmu na Malikiyya da zai sauƙaƙa maka. A haƙƙin da yake na mutum zalla, ba a son mai shaida ya ruga wurin alƙali tun ba a neme shi ba. Abin da ke kansa shi ne ya sanar da mai haƙƙin cewa yana da shaida a wurinsa. Daga nan zaɓi nata ne, ta yafe, ta yi sulhu, ko ta kai ƙara. Saboda haka ba aikinka ba ne ka kai yaron wurin 'yan sanda ko KAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar motoci ta Kano. Aikinka kada Malama ta tambaye ka ka ce ba ka gani ba.

Oga Fanal Bita

Ni sana'ata ke nan, shekara da shekaru ina buga jikin mota. Yadda ka kwatanta, aikin ba na fitila kaɗai ba ne. In but ya loma sai an ja shi an daidaita, in ba haka ba ba zai rufu sosai ba, damina na zuwa ruwa ya riƙa shiga. Sai fitila ta Beljiyam a Ƙofar Ruwa, sai maƙalan bamba, sai fenti, kuma ruwan toka yana da wuyar haɗawa ya dace da tsohon. Ba ƙaramin kuɗi ba ne ga mai ƙaramin ƙarfi.

Abin da na lura da shi, yawancin masu gudu ba mugunta ce ke sa su ba, tsoro ne. Kowa ya san yadda mutane ke taruwa a kan direba a garin nan, kafin ya buɗe baki an fara marinsa. Wani kuma tsoron maigida. Amma in hankali ya dawo da yawa suna neman hanyar komawa, kunya ce ke hana su. Sau da dama a garejina ake ƙarasa irin wannan, wanda ya yi ɓarnar ya zo da wani babba, in faɗi kuɗin aiki a gaban kowa, ya biya rabi, sauran a yanka masa wata-wata. Ka kira yaron a daren nan. Ka ce masa na gan ka, kai ma ka gan ni, gobe Malama za ta tambaye ni kuma ba zan yi mata ƙarya ba, gara ta ji daga bakinka. Wanda ya kawo kansa ba a yi masa irin hukuncin wanda aka kamo.

Telan Gyaɗi-Gyaɗi

Na gode ƙwarai. Malam Abu Ammar, Allah Ya ƙara ilimi, bambancin nan tsakanin sanar da mai haƙƙi da kai ƙara ya sauke mini wani dutse. Ɗan Fagge, na ji maganarka kuma ban raina ta ba, amma ka duba wani gefen. Layin da za a daki motar mutum da rana tsaka shago bakwai suna buɗe a ce ba wanda ya gani, wa zai ƙara amincewa ya bar wani abu a gabanmu? Ni kaina ina barin shago a buɗe in tafi masallaci da shaddodin mutane a rataye, don na ɗauka maƙwabta idona ne. In yau mun yi wa Malama haka, ban ga abin da zai hana a yi mini ba.

Oga, na bi shawararka na kira shi bayan isha'i. Da farko ya ce ba shi ba ne. Na yi shiru. Can sai ya ce, Baba don Allah ka taimake ni, in Alhaji ya ji na rasa aikina, ga haihuwa ta gabato. Na ce masa taimakon da zan iya shi ne in tsaya a gefensa gobe in roƙar masa sassauci, amma ba zan ce ban gani ba. Ya ce zai yi tunani. Ban matsa masa ba, ban kuma yi masa alkawarin komai ba. Ko ya zo ko bai zo ba, Malama za ta ji gaskiya daga bakina.

Abin da ya rage mini shi ne maganar maigidan nasa. Motar ai ta gidan ruwan ce, kuma a bakin aikinsu abin ya faru. Daidai ne a bar yaro mai ɗan albashi shi kaɗai da biyan? Akwai wanda ya san yadda doka ta ce?

Maman Ilham

Malam tela, sannu da ƙoƙari. Na yi aiki a harkar inshora, bari in taɓa wannan ɓangaren, don a nan ne mutanenmu suka fi yin asara ba su sani ba.

Takardar inshorar nan da ake haɗa wa mutum lokacin sabunta takardun mota, wadda yawancinmu muke ɗauka ta nuna wa jami'ai ce kawai a hanya, domin irin wannan ranar aka yi ta. Ba motar mai ita take gyarawa ba, ɓarnar da motar ta yi wa wani take biya. Daga 1 ga Janairun 2023 hukumar NAICOM mai kula da harkar inshora ta mayar da kuɗinta naira 15,000 a shekara ga motar gida, maimakon 5,000, ta kuma ɗaga abin da za a iya biya na ɓarnar dukiya daga miliyan 1 zuwa miliyan 3. Motar kamfani mai ɗaukar kayan kamfanin kansa tata ta kai miliyan 5. Tun 1 ga Fabrairun 2025 kuma 'yan sanda suka fara kama masu yawo babu ita. To in gidan ruwan nan inshorarsu ta gaske ce, gyaran Corolla bai kai ya ci aikin kowa ba. Kuma a ƙa'ida, ɓarnar da direba ya yi yana cikin aikin maigidansa ana iya bin maigidan da ita, ba direban kaɗai ba.

Kun ga ke nan shirun maƙwabta bai taimaki yaron ba. Kamfanin inshora ba ya biyan ɓarnar da ba a san motar da ta yi ba. Lambar da ke hannunka ita ce mabuɗin kuɗin. Matsalar ɗaya ita ce takardun bogi sun yi yawa, musamman waɗanda ake karɓa a hannun 'yan tsakiya. Akwai rumbun bayanai na kamfanonin inshora da ake kira NIID, ana sa lambar mota a waya a ga ko tana da inshora mai rai da sunan kamfanin da ya bayar. Ka duba tun kafin ku zauna da Alhajin, don ka san da me za ku tunkare shi. In ta bogi ce, to daga aljihunsa ya kamata gyaran ya fito, shi ya saki mota a titi babu inshora.

Abu biyu nake roƙo. Kada kowa ya sa hoton motar ko lambarta a Facebook ko a zauren WhatsApp na unguwa. Harafi ɗaya in aka kuskure an ɓata sunan wanda bai ji ba bai gani ba, kuma da zarar magana ta fita waje sulhu ya yi wuya. Na biyu, ka gaya wa Malama kada ta kai motar gareji tukuna. Ta ɗauki hotuna ta kowane gefe, har da shafin fentin da ɗayar motar ta bari a jiki, kai ma ka ɗauki fasassun fitilar in ba a share ba. Kamfanin inshora zai so a sanar da shi da wuri ta hannun mai motar da ta yi ɓarnar, zai nemi ƙiyasin mai gyara a rubuce, kuma galibi yana neman rahoton 'yan sanda na sashen kula da zirga-zirga. Yin wannan rahoton ba ya nufin an tsare direba, ana iya zuwa tare a rubuta cewa an amince da abin da ya faru. Ka rubuta lokaci da yadda ka ga abin a takarda tun yau da daddare, ka sa hannu da kwanan wata, don in an nemi bayaninka ka miƙa shi sau ɗaya ba sai kana rufe shago kana zarya ba.