Bayan saki, a hannun wa yara za su zauna?

Alhaji: Ni abin da na taso na tarar ke nan: in aure ya mutu, uwa ta riƙe ɗa har ta yaye shi, sai uba ya aiko a ɗauke. Ɗa na uba ne, sunansa yake amsawa. Wannan zuwa kotu da mata suka ɓullo da shi aikin boko ne.

Hajiya Babba: Haba Alhaji. A unguwarmu aka zo aka ɗauke yarinya 'yar shekara biyu, tana riƙe da zanin uwarta tana ihu. Yanzu tana hannun kishiya, kitson kanta ya fi wata biyu ba a tsefe ba. Wannan ne addini?

Malam: Allah ya ƙara wa Alhaji lafiya, abin da ka faɗa al'ada ce. A mazhabar Malikiyya da alƙalanmu ke bi, riƙon yaro, wato hadana, na uwa ne: namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. Haka yake a Risala ta Ibn Abi Zaid da muke karantawa a zaure. In uwa ta rasu ko ta yi wani aure, riƙo ya koma ga kaka ta wajen uwa, sannan 'yar'uwar uwa. Sayyidina Umar kansa ya ɗauki ɗansa Asim a Ƙuba, kakar yaron ta ja da shi, Sayyidina Abubakar ya ce ya bar mata shi. Yana cikin Muwaɗɗa, littafin Imam Malik.

Alhaji: To Malam, ni na ji shekara bakwai ne.

Malam: Wannan a wasu mazhabobin ne. Shafi'iyya suna ba yaro zaɓi in ya yi wayo.

Alhaji: Ashe uba ba shi da komai ke nan? Ya ciyar, wata ta riƙe?

Barista: Yana da shi, ranka ya daɗe. Shi ne waliyyi, karatu da tarbiyya da aurarwa suna wuyansa, kuma ba a hana shi ganin 'ya'yansa. Ci da sutura da magani ma wajibinsa ne ko suna hannun uwa, alƙali ne ke yanka kuɗin gwargwadon samunsa. In yana ganin uwar ba ta cancanta ba, sai ya shigar da ƙara a Kotun Shari'a ya kawo shaidu, ba ya tura ƙanne su ɗauko yaro da ƙarfi ba. Wanda hukunci bai yi wa daɗi ba yana iya ɗaukaka ƙara har Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta jiha, wadda sashe na 277 na Tsarin Mulkin Najeriya na 1999 ya ba hurumi a kan aure da kula da ƙananan yara.

Maman Biyu: Barista, nawa suna hannuna da hukuncin alƙali, amma kuɗin abincin da aka yanka sau ɗaya na gani. Iyayena kuma cewa suke in mayar masa da su in samu in yi aure. Mata da yawa ba shari'a ce ta raba su da 'ya'yansu ba, yunwa ce.

Barista: Ki koma kotun da ta yi hukuncin da takardarki, ki nemi a zartar. Za a aika masa sammaci.

Alhaji: Ni dai har yanzu ina ganin yaro namiji ya kai shekara goma ba ya gaban ubansa akwai gyara.

Malam: Ai yana iya wuni wurinka, Alhaji, ya yi makaranta ya koyi sana'a. Kwana ne a wurin uwarsa.