Zafin bayan tiyatar haihuwa: allura sai ta yi kuka, ko magani a kan agogo?

Ɗalibar Jinya:

Assalamu alaikum. Tambayata ga likitocin barci da manyan sistocin da ke nan. A ɗakunan masu jego da yawa, abin da ake rubuta wa wadda aka yi wa aiki shi ne allurar fentazosin miligiram 30 a tsoka duk awa 6, wani lokaci ma sai in ta nema. A aji kuwa ana ce mana bincike ya fifita farasitamol da ibufurofen a haɗe, a kan lokaci. Ta yaya ƙwayar da ke kowane kemis za ta kamo ƙafar allura? Wane bincike ne ya nuna haka, kuma da me ake auna zafi tunda ba ganinsa ake yi ba?

Likitan Barci:

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Awon tukuna. Ana ba mara lafiya layi mai tsawon milimita 100, farkonsa ba zafi, ƙarshensa zafi mafi tsanani, ta saka alama, ko a ce ta faɗi lamba daga 0 zuwa 10. Binciken da Paul Myles na Ostareliya ya jagoranta a 2017 ya nuna sai zafi ya ragu da kamar milimita 10 kafin mara lafiya ta ji bambanci a jikinta, kuma 33 ko ƙasa da haka shi ne zafin da mutane ke cewa za su iya zama da shi. Don haka in takarda ta yi ta kuri a kan ragin milimita 4, lissafi ne kawai ya gani, mai jego ba ta ji ba.

Masu bincike na Oxford, su Andrew Moore da Henry McQuay, sun tattara gwaje-gwajen da aka raba mutane ta ƙuri'a, wasu su sha magani, wasu su sha ƙwayar da ba komai a cikinta. Suka fitar da lamba ɗaya da ake kira NNT: mutum nawa za a ba maganin kafin a samu ƙarin mutum ɗaya da zafinsa ya ragu da rabi cikin awa 4 zuwa 6. Ƙaramar lamba ita ce mai kyau. Farasitamol miligiram 1000 ya samu 3.6, ibufurofen 400 ya samu 2.5, su biyun a haɗe 1.5. Allurar mofin miligiram 10 a tsoka 2.9. Kodin 60 shi kaɗai kuwa 12, wato kusan an yi ba a yi ba. Dalilin da haɗin ke yin ƙarfi shi ne kowanne da inda yake kamawa: ibufurofen yana hana jiki samar da sinadaran da ke sa wurin yanka kumburi da zugi, farasitamol kuma aikinsa a ƙwaƙwalwa da laka ne. Henrik Kehlet da Jørgen Dahl na Denmak ne suka kafa wannan tunani na haɗa magunguna a 1993.

Amma kada ki ɗauki lambobin nan ki ɗora wa mai jego kai tsaye. Yawancinsu daga cire haƙorin ƙarshe aka samo su, a jikin matasa masu lafiya, sha ɗaya tak. Yanka ciki da mahaifa wani abu ne daban. Shi ya sa PROSPECT, ƙungiyar likitocin barci da na tiyata da ke fitar da shawarar maganin zafi, ke bin kowane aiki da nasa. Shawararta ta 2021 kan tiyatar haihuwa: mofin maikirogiram 50 zuwa 100 cikin allurar baya, dekzametason ta jijiya sau ɗaya bayan an ciro jariri, sannan farasitamol da maganin kumburi irin su ibufurofen a kan agogo. Masu ƙarfi irin su mofin na baki ko na allura a ajiye su don zafin da ya ƙetare wannan shinge. Ba kore allura aka yi ba, matsayinta aka mayar baya.

Matsalar fentazosin kuwa lissafi ne. Aikinsa awa 3 zuwa 4 ne, ana rubuta shi duk awa 6. Awa biyu zuwa ukun da suka rage fa?

Mai Harhaɗa Magani:

Likita ya gama da hujja, bari in ƙara da awo, don a nan ake yin ɓarna.

Farasitamol giram 1 duk awa 6, kada ya wuce giram 4 a kwana. In nauyinta bai kai kilo 50 ba, miligiram 15 a kowane kilo. A duba ko 'yan'uwa sun kawo wani maganin mura ko na ciwon jiki daga gida, don da yawansu akwai farasitamol a ciki, hanta kuma ba ta san daga wane kwali ya fito ba. Ibufurofen miligiram 400 duk awa 6 zuwa 8. Dikulofenak kada ya haura 150 a kwana, a lissafa har da na cusawa ta dubura mai 100 da aka saka a ɗakin tiyata. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a yi allurar dikulofenak kuma a ba da ibufurofen na sha. Dangi ɗaya ne, zafi ba zai ƙara raguwa ba, sai dai ƙoda da tumbi su biya. Wadda ta zubar da jini da yawa, ko fitsarinta ya ragu, ko ƙwayoyin daskarar da jininta suka yi ƙasa, ko mai gyambon ciki, ko wadda asfirin ke tayar wa asma, a dakatar mata da wannan dangin gaba ɗaya.

Mofin na allurar baya dole ya zama wanda ba sinadarin adanawa a ciki. Kwalbar da aka fi samu miligiram 10 ce a mil 1. A ja mil 1 a haɗa da ruwan gishiri mil 9, ya zama miligiram 1 a kowane mil, sannan a ɗebi mil 0.1 da ƙaramin sirinji. Maikirogiram 100 ke nan. Wanda ya manta sirkawa ya ɗebi 0.1 daga kwalbar kai tsaye ya ninka mata sau goma. Mutum biyu su duba, a rubuta a jikin sirinjin. Kuma ƙari ba ya biya: Palmer da abokan aikinsa a 1999 sun gwada mata 108 da awo daban-daban har zuwa maikirogiram 500, daga 75 zuwa sama sauƙin bai ƙaru ba, ƙaiƙayi ne ya yi ta hawa.

Kodin da tiramadol ga mai shayarwa: hukumar FDA ta Amurka ta yi gargaɗi a kansu a 2017. Akwai mutanen da hantarsu ke juya kodin ya koma mofin da sauri fiye da kima, ya bi nono, jariri ya kama barci mai nauyi, ya kasa tsotso. Ba a gane su da ido.

Sista Babba:

Ranka ya daɗe Likita, ban musa takardunku ba, amma ku riƙa faɗin kuɗin da mofin na baya ke ci a ɗakin jinya. Danne numfashin da yake yi ba nan take ba ne, yana iya zuwa awa 6 zuwa 12 bayan allurar, wato tsakar dare, lokacin da ma'aikata suka fi ƙaranci. SOAP, ƙungiyar likitocin barcin masu haihuwa ta Amurka, a 2019 ta ce ko mai lafiya da aka ba ƙaramin awo a duba numfashinta da nauyin barcinta duk awa 2 har awa 12. Ɗakin da ba zai iya wannan ba, kuma ba nalokzon, maganin da ke warware aikin mofin, a akwatinsa, bai kamata ya karɓi wadda aka yi wa ba.

'Yata ɗaliba, barci ne ke fara nunawa kafin numfashi. In kina mata magana tana gyangyaɗi a tsakiyar amsa, tsaya nan ki ƙirga numfashinta minti ɗaya cur. Ƙasa da 10, kira likita, sa mata iskar oksijin. Nalokzon miligiram 0.4 ana sirka shi ya zama mil 10, a riƙa ba da mil 1 duk bayan minti biyu har ta farfaɗo. In aka tura shi duka lokaci ɗaya za ta farka da zafi tsirara. Kuma ya fi mofin saurin ƙarewa, don haka ba a barin gefenta. Kada a ɗora mata diyazifam ko furometazin don ta samu barci.

Sannan awon zafi tana kwance shiru yaudara ce. Matanmu da yawa an raine su a kan kada su nuna raki, musamman a haihuwar fari, ga uwar miji zaune a bakin gado. Za ta ce miki da sauƙi. Ce mata ta yi tari, ko ta juya ta ɗauki jaririn, ki kalli hannunta yadda zai kai kan ɗinkin. Lambar da ta faɗa a wannan lokacin ita za ki rubuta.

Ɗalibar Jinya:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Saura biyu: inda ba mofin na baya fa? Kuma na ga tsofaffin takardu suna yabon firegabalin kafin aiki.

Likitan Barci:

Sista ta yi gaskiya, ban da abin cewa. Inda ba mofin na baya, likitan tiyata ya zuba bufibaken, maganin kashe zafin wuri, a gefen yankan kafin ya rufe, ko a yi allurar bangon ciki da ake kira TAP, wadda Rafi ya fara bayaninta a 2001. Ana kai maganin tsakanin tsokoki biyu na ciki-ciki, gara da na'urar hoto. Zafin fata da tsoka take kashewa, murɗar mahaifa tana nan, don haka maganin kumburi bai sauka ba. Iyakar bufibaken miligiram 2 ne a kowane kilo. Mil 20 na mai kashi 0.25 a kowane gefe miligiram 100 ke nan, daidai iyakar mai kilo 50. Wadda ba ta kai ba a rage mata. Ɗanɗanon ƙarfe a baki, ƙara a kunne ko mutuwar leɓe alama ce ya shiga jini, a tsaya nan take.

Firegabalin kuwa ki yi hattara da shekarar takardar da sunan mai ita. A 2009 aka gano Scott Reuben na jihar Masachusets ya ƙirƙiri sakamako a takardu 21, wasunsu kan haɗa firegabalin da selekoksib, har ya sha ɗaurin wata shida. A 2020 Verret da abokan aikinsa suka tattara gwaje-gwaje 281 na mutum sama da 24,000 kan firegabalin da ɗan'uwansa gabafentin: ragin zafin bai kai milimita 10 ɗin nan ba, jiri da gani dishi-dishi kuma sun ƙaru. PROSPECT ba ta sa shi a jerin tiyatar haihuwa ba.