Fenti yana kafewa a bakin buroshi: yaya kuke yi da jaruman HeroQuest a wannan zafin?

Mai tambaya, Birnin Kebbi:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambayata ga masu fentin ƙananan mutum-mutumin roba na wasan tebur mai suna HeroQuest ce, wanda ya fara fitowa a 1989, kamfanin Hasbro kuma ya sake fito da shi a 2021. Jarumai huɗu ne: ƙato mai takobi, wada mai gatari, mai dogayen kunnuwa da matsafi. Kowanne bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Daga Maris zuwa Mayu zafi yakan haura digiri 40, kafin buroshi ya taso daga faranti ya sauka kan fuska, fentin akirilik ya riga ya kafe, sai ya bar gudaji. Kowa ya faɗi abin da ya gwada ya yi masa aiki.

Daga Gusau:
Wa'alaikumus salam Malam. Busasshen faranti ne ke cutar ka. Samu robar abinci mai murfi, marar zurfi. Shimfiɗa soso mai faɗi ko tishu ninki huɗu a ciki, ka zuba ruwa har ya jiƙe sharkaf, amma kada ya kwanta a sama. Ka ɗora takardar gashin kek a kai, irin wadda masu kayan kek ke sayarwa, ka shafe ta da yatsa ta kwanta. A kan takardar za ka ɗiga fenti. Danshi yana ratsowa ta ƙasa kaɗan-kaɗan, fentin da ke mutuwa cikin mintuna sai ya kai ka awanni. Kada ka sa leda ko takarda mai santsin kakin zuma, ruwa ba ya ratsa su.

Ɗigo ɗaya na fenti, ɗigo ɗaya na ruwa, ya yi kaurin madara. Kwalbar fentin kamfanin Vallejo ta fi daɗin aiki a nan saboda bakinta na ɗigawa ne. Tukunyar fentin Citadel kuwa a buɗe take zama kana aiki, iska na shan ta. Kuma ka kawar da fanka daga kanka. Na san da wuya, amma fanka ta fi rana saurin busar da buroshi.

Daga Argungu:
Gaskiyar Yaya ce, sai dai gudajin ba duka daga faranti yake ba. Mai tambaya, wane fentin shimfiɗa ka fara sawa? In na gwangwanin feshi ne kuma ka fesa da rana tsaka, ƙwayoyin fentin a iska suke bushewa kafin su sauka, jikin jarumin ya zama kamar an barbaɗa masa rairayi. Duk abin da ka shafa a kai ba zai yi sumul ba. A fesa bayan sallar asuba, a girgiza gwangwani minti 2 cur, tazara santimita 20 zuwa 25, a riƙa wucewa da hannu da sauri ba a tsayawa wuri ɗaya.

Daga Zuru:
Ni ban yarda da feshin ba sam, musamman irin na fentin ƙofa da babur da ke kasuwa. Sinadarin da ke cikinsa ba ya jituwa da roba mai taushi, sai mutum-mutumin ya yi ta danƙo makonni, yana kama yatsa yana kwasar ƙura. Na shafawa da buroshi, mai haɗin ruwa, shi ne kwanciyar hankali: shafa siriri sau 2, a bar shi ya kwana. Kafin nan kuma a wanke su da ruwan ɗumi da sabulun wanke-wanke da tsohon buroshin haƙori, domin akwai maiƙon da ake shafa wa abin zubi a masana'anta. In ba a wanke ba fenti zai riƙa tattaruwa kamar ruwa a ganyen gwaza. Takobin da ya lanƙwashe, a tsoma shi ruwan zafi daƙiƙa 10 zuwa 15, a miƙe shi, a jefa a ruwan sanyi.

Daga Ƙaura Namoda:
Kuna ta maganar bazara, ku jira hunturu. Ƙurar Disamba da Janairu tana sauka kan ɗanyen fenti, ba ka ganinta sai ka zuba ruwan inuwa, wato baƙin fenti ko ruwan ƙasa mai tsananin ruwa da ke gangarawa cikin lungunan sulke da gemun wada. Nan kowane ƙwayar ƙura za ta fito da baƙin zobe. Da ka gama shafa ɗaya, kifa kofi a kai. Ka manna jarumin a murfin gorar lemo don riƙewa, yatsa kada ya taɓa shi.

Ruwan inuwar kansa a zafi yakan bushe daga gefe tun bai gama gangarawa ba, ya bar shaida irin ta shayi a tebur. Kada a shafe jarumin duka da ruwan inuwar lokaci guda. A yi gemu, a gama, a koma sulke. In ya taru a wuri, a tsotse shi da buroshi mai ɗan danshi nan take. In an bari ya fara kamawa, taɓawa ɓatawa ce.

Daga Yawuri:
Abu ɗaya da ba a ambata ba: banish, wato shafin ƙarshe marar launi mai kare fenti. Mu na bakin ruwa, da damina in aka fesa shi cikin laima sai ya yi fari kamar hazo a kan aikin gaba ɗaya. A gwada a kan ƙwarangwal ɗaya daga cikin dodannin wasan tukuna. In ya riga ya faru, shafa banish mai ƙyalli a kai yakan mayar da launin, sannan a bi da marar ƙyalli ranar da gari ya bushe.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai. Waɗanda suka riga suka yi gudajin fa, a jefar?

Daga Zuru:
A'a Malam. Jiƙa su a sifirit na kemis minti 20 zuwa 30, ka goge da buroshin haƙori, ka maimaita in da saura. Kada dai ka kusanto da tina ko abin goge jan farce, narkar da fuskar za su yi.