Me ya kai igwar jirgin ruwa tsakiyar daji?

Ɗan Ƙofar Doka:
Salamu alaikum jama'a. Kakanmu, Allah ya jiƙansa, ya yi sojan Bature a Yaƙin Duniya na Ɗaya, har gabashin Afirka aka kai su. Muna yara, in ya kishingiɗa a zaure bayan isha'i, labari ɗaya yake maimaita mana: wai a dokar daji Jamusawa suka yi ta harbinsu da igwar jirgin ruwa, ga yunwa har da tonon saiwa. Mu kuwa sai dariya, muna cewa tsufa ne. Yanzu da ni ma furfura ta fito, abin ya dawo yana ci mini rai. Ko akwai wanda ya san asalin maganar?

Malamin Samaru:
Wa alaikumus salam. Alhaji, ku nema wa tsoho gafara, gaskiya ya faɗa muku. Sunan jirgin Königsberg, ƙaramin jirgin yaƙin Jamus ne mai sauri, da manyan igwa 10 masu bakin santimita 10.5. A watan Yuni na 1914 ya iso Darussalam, a Tanzaniya ta yanzu, lokacin garin na hannun Jamus, kyaftin ɗinsa Max Looff. Ranar 20 ga Satumba ya yi sammako ya nutsar da jirgin Ingila, Pegasus, a tashar Zanzibar. Sai injinsa ya ba da matsala, ga ƙarancin kwal, ya shige cikin rassan kogin Rufiji ya laɓe, aka rufe shi da ganyaye. Turawan Ingila suka tsare bakin kogin wata da watanni, manyan jiragensu ba sa iya shiga don ruwan ba zurfi. Sai da suka jawo wasu biyu masu shafaffen ciki, Mersey da Severn, jirgin sama na nuna musu inda harsashi ke faɗawa. Ranar 11 ga Yuli 1915 aka gama da shi.

To ga amsarka. Jamusawa suka kwance igwa goman nan, suka yi wa wasu ƙafafu, 'yan dako na ja cikin daji, suka zama na rundunar Lettow-Vorbeck, kwamandan sojojin Jamus a gabashin Afirka. Sojojin Najeriya kuma sun sauka Darussalam a Disamba 1916, aka tura su yankin Rufiji ɗin, damina ta yanke hanyar abinci. Ka ga inda yunwar ta fito.

Jikar Soja, Sabon Gari:
Baba, namu kakan ɗan dako ne, bai dawo ba. Kakata har ta rasu in ta ji tsawa sai ta ambace shi. Malam, igwar suna nan?

Malamin Samaru:
Akwai ɗaya a Mombasa ta Kenya, gaban tsohuwar ganuwar Fort Jesus, wata a Pretoria ta Afirka ta Kudu.

Ɗan Ƙofar Doka:
Allahu akbar. Malam, Allah ya saka da alheri. Akwai wata kalma da yake yawan faɗa, "Mahiwa", mun ɗauka sunan mace ne, har kakarmu takan harare shi.

Malamin Samaru:
Gari ne, Alhaji. A can aka yi wa sojojin Najeriya ƙawanya a Oktoba 1917, aka rasa mutane da yawa. Ku duba akwatinsa ko takardar sallama na nan, lambar bataliyarsa nake son gani.